Jinjina ga Gwanin Shafin da Ba Ya Karantuwa

Gaishe ka gagarau, uban jimloli, mai alƙalamin da ba ya neman hutu, wanda kan ɗauko zance da hantsi ba a ga ayarsa ba sai bayan la'asar. Gaishe ka marubucin shafin intanet na ofishinmu, na makarantarmu, na bankinmu, na hukumar da ke riƙe da fanshon iyayenmu. Ba a san sunanka ba, ba a san fuskarka ba, amma duk wanda ya taɓa neman aiki ko gurbin karatu ko bashi ta waya ya san hannunka, ya kuma kwana da kai a rai. Makaɗa sun wasa sarakuna, sun wasa 'yan dambe da manoma da mahauta, kai kaɗai aka bari ba kirari. Yau za a biya ka bashin, ranka ya daɗe.

Mu fara da abin da baƙo ke tararwa. Yarinya ta gama sakandare, ta ji a rediyo an buɗe neman tallafin karatu, ta ari wayar yayanta, ta sa datar ɗari biyu. Abu uku kawai take son sani: ko ta cancanta, me za ta kawo, yaushe za a rufe. Ƙaramin marubuci wanda bai san darajar kujera ba, da layi uku zai sallame ta. Kai kuwa ka san ba a shiga gidan girma a guje. Shafinka gidan sarauta ne, zaure bayan zaure, kowanne da irin gaisuwarsa. A zauren farko ga hoton Shugaba cikin babbar riga mai aiki, hoton da nauyinsa kaɗai zai lashe rabin datar yarinyar, kuma ya isa ya lashe. A na biyu jawabinsa na maraba. A na uku tarihin hukumar, tun daga dokar da ta kafa ta, da gyaran da aka yi wa dokar, da kwamitin da ya ba da shawarar gyaran. Sai hange, sai manufa, sai ƙudurori, sai hoton ranar da aka kai wa wani babba ziyarar ban girma. Ranar rufewa kuwa tana can ƙurya, a sakin layi na goma sha ɗaya, a tsakiyar jimla, ba a ƙara mata kauri ba, ba a ware ta daga 'yan uwanta ba, don kai ba ka nuna bambanci tsakanin kalma da kalma. Wanda ya kai gare ta ya tabbata mai haƙuri, kuma mai haƙuri shi ya dace da tallafi. Ka gama tankaɗe da rairaya tun ba a karɓi takarda ko ɗaya ba.

Sai jimlarka, sarauniyar jimloli, mai jan zugar dogarai a gaba da baya. Wani da an ce ya faɗa wa jama'a su zo ranar Litinin da katin shaida, haka zai rubuta, tsirara, ba kunya. Kai kuwa sai ka ce biyo bayan sanarwar da ta gabata mai lamba kaza, kuma ba tare da tauye tanade-tanaden sakin layi na huɗu na jadawali na biyu ba, ana jan hankalin masu ruwa da tsaki da lamarin ya shafa zuwa ga wajibcin gabatar da kawunansu a ranar aiki ta farko ta makon da ke biye, tare da sahihiyar hujjar da aka ambata a sama. Allah ya ƙara basira! A sama kuwa ba a ambaci komai ba, wanda hakan ke koya wa mai karatu bincike. Kuma da Turanci kake zuba wannan, irin Turancin da shi kansa Bature sai ya gyara zama. Abin da ya fi burge ni shi ne a duk faɗin shafinka babu wanda ke aikata komai. Za a duba, za a tuntuɓa, an lura, ana sa ran. Wa zai duba? Wa zai tuntuɓa? Ka rufa wa kowa asiri, daga Shugaba har masinja. Ranar da abu ya lalace babu sunan da za a kama. Gajerun sunaye na haruffa uku da huɗu kuma ka watsa su ko'ina ba tare da ka ce ga abin da suke nufi ba, domin wanda bai san su ba tun farko ai ba da shi ake ba.

Kana da mahassada, kamar kowane babba. Wani mai bincike, Jakob Nielsen, ya zaunar da mutane gaban kwamfuta a 1997 don ya ga yadda suke karatu a intanet. Ya tarar kashi 79 cikin 100 tsallake-tsallake suke yi da ido, kashi 16 ne kacal ke bi kalma bayan kalma. A 2006 ya koma da na'urar bin ƙwayar ido, ya auna mutum 232, ya ga suna karanta layukan sama, sannan su gangara ta gefen hagu suna tsintar kalmomin farko. Mai hankali da ya ga wannan sai ya ce jama'a sun lalace, a ladabtar da su. Shi kuwa cewa ya yi wai marubuci ne zai sauko: a sa muhimmin abu a farko, a rage kalmomi da rabi, a yi kanun da ke faɗin abin da ke ƙarƙashinsu, kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya. Har ya auna ya ce shafin da aka gyara haka ya ninka na da sauƙin amfani, har da ɗoriya. Ka ji fa, sauƙi! Kai da ka sha wuya kafin ka samu wannan kujera, a ce wani ya zo ya gane maganarka cikin daƙiƙa goma yana tsaye a bakin titi yana jiran a-daidaita-sahu? Ka yi daidai da ka sa muhimmin abu a ƙasa, ta dama, inda binciken ya nuna ido ba ya zuwa. Ko binciken abokin gaba ka ci moriyarsa.

Dubi abin da ya samu ƙasashen da suka bi wannan shawara. A 2012 gwamnatin Birtaniya ta buɗe GOV.UK, ta tattara bayanan ma'aikatu wuri ɗaya, ta umarci marubutanta su yi rubutun da mai ƙarfin karatun ɗan shekara 9 zai gane, su kuma sake duba duk jimlar da ta haura kalma 25 ko za ta rabu biyu. Kalma 25! A wurinka ai ba a gama bisimilla ba. Ƙasar da ta yi mulkin kusan rubu'in duniya ta koma tana yi wa talaka bayanin haraji kamar shi ya ɗauke ta aiki. Wai har hujja suke kawowa cewa ƙwararru ma sun fi son rubutu mai sauƙi saboda ba su da lokaci. Amurka ta fi su zubar da girma, don ita doka ta yi: a watan Oktoba na 2010 Barack Obama ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya rubuta wa jama'a abin da za su fahimta. Tarayyar Turai ta bi sahu a dokarta ta kare bayanan mutane da ta fara aiki a 2018, inda ta ce a yi wa mutum bayani a taƙaice, da harshe bayyananne.

Asalin fitinar kuwa wata mata ce 'yar Liverpool, Chrissie Maher, wadda ba ta iya karatu sosai ba sai da ta zama budurwa. Maimakon ta ji kunya ta yi shiru, a 1979 ta kwashi fom-fom na gwamnati ta kai dandalin da ke gaban majalisar dokoki a Landan ta yayyaga su a bainar jama'a. Alheri ɗaya da ƙungiyar da ta kafa ta yi shi ne lambar Bijimin Zinariya da take bayarwa duk shekara ga rubutun da ya fi kowanne gagarar fahimta. Da alƙalan suna leƙo shafinka, da tuni garkenka ya cika.

Gwanintarka ba ta tsaya ga kalma ba. Akwai ƙungiyar W3C da Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, mai fitar da ƙa'idojin da ake kira WCAG. A bugun 2008 suka ce hasken rubutu da na bangon da ke bayansa su bambanta da aƙalla ninki 4.5, kuma mutum ya iya ƙara girman rubutu har ninki biyu ba tare da shafin ya wargaje ba. A mataki mafi tsauri har suka ce in rubutu ya fi ƙarfin ɗan ƙaramar sakandare, a samar da wani mai sauƙi a gefensa. Kai kuwa, ma'abocin kunya da kawaici, toka-toka kake rubutawa a kan fari, da haruffa sirara, ƙanana, masu ladabi, waɗanda ba sa ɗaga murya. Da tsakar ranar watan Afrilu a Kano ko Maraɗi, mutum ya fito da wayarsa mai tsagaggen gilashi, ya kare ta da tafin hannu, ya ƙanƙance ido, ba ya ganin komai sai fuskarsa. Wannan ma wa'azi ne. Kuma kana da jama'a: ƙungiyar WebAIM da ke auna shafukan farko na gidajen intanet miliyan ɗaya duk shekara tana samun wannan dusasshen rubutu a kusan takwas cikin goma. Wane sarki ne ke da mabiya haka?

Amma fasahar da ta fi kowacce, wadda ya kamata a koyar a jami'a, ita ce sanarwar hoto. A buga takarda, Shugaba ya sa hannu, a danna hatimi, a ɗora ta kan tebur a karkace, a ɗauke ta da waya har da inuwar hannun mai ɗauka, sannan a ɗora a shafi. Ba a iya neman kalma a cikinta, ba a iya kwafe lambar asusun da ke ciki, in an buɗa ta layi ya fice daga allo, in an tsuke ta ya zama tururuwa. Makaho mai amfani da manhajar da ke karanta rubutu da murya ya iso nan, manhajar ta ce masa “hoto”, ta yi shiru. Ya matsa gaba ta ce “danna nan”, ya sake matsawa ta ce “danna nan”, ba a ce masa ina ne nan ɗin ba. Ka hutar da shi daga damuwar sanin abin da ke ciki. A Ostireliya wani makaho, Bruce Maguire, ya kai ƙarar masu shirya gasar Olamfik ta Sidni saboda shafinsu bai karantu gare shi ba, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ba shi gaskiya a 2000, aka ce a biya shi dalar ƙasar 20,000. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ta nanata cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani. Duk wannan taro ka tsaya a gabansu kai kaɗai ba ka ja da baya ba, namijin duniya.

Masu cewa ba ka amfanar talaka su je shagon intanet da ke kusa da sakatariya ranar da aka ce tsofaffin ma'aikata su sabunta bayanansu. Ga wani dattijo a kan benci, tsohon malamin firamare, wanda ya koya wa rabin garin karatu. Takardunsa na cikin leda, tabaransa ɗaure da zare ta gefe ɗaya. Jikansa ya buɗe masa shafin a gida, ya karanta sau biyu da ƙarfi, da irin muryar da yake yi wa 'yan aji shifta, bai gane ko da kansa ake son ya je ko ta waya za a yi ba. Shi ya sa ya hawo mota.

“Baba, kawo takardun. Dubu ɗaya da ɗari biyar ne.”

“Yaro, ni fa so nake ka gaya mini abin da suka ce.”

“Wallahi Baba ni ma ban san me suka ce ba. Na dai san inda ake dannawa.”

Ya danna, allo ya yi ja, ya ce an samu kuskure. Wane kuskure, a wane layi, ba a faɗa ba, don kai ba ka tona asirin mutum a gaban jama'a. Duk abin da aka cike ya goge, aka koma farko. Dattijon ya ciro wata ɗari biyar daga aljihun gaba ya riƙe a hannu. To, a lissafa: mai shago ya samu, mai janareto ya samu, mai hoton fasfo ya samu, direba ya samu, mai fura da ke bakin ƙofa ta samu. Da ka rubuta layi huɗu masu ma'ana, da duk waɗannan sun kwana da yunwa, dattijon kuma ya zauna a gida da kuɗinsa ba motsa jini. Hukumomi nawa ne aka kafa don samar da aikin yi ba su yi rabin abin da sakin layinka ɗaya ya yi ba?

Ɗan'uwanka na jini, marubucin sharuɗɗa da ƙa'idoji, shi ma a miƙa masa gaisuwa, don nono ɗaya kuka sha. A 2016 majalisar kare masu sayayya ta ƙasar Norwe ta tara sharuɗɗan manhajoji 33 irin waɗanda ake samu a wayar kowa, ta sa aka karanta su da baki ana nunawa kai tsaye. Sai da aka shafe kusan awa 32. A 2017 kamfanin Purple mai ba da intanet kyauta a Ingila ya cusa wani sharaɗi cikin nasa don gwaji: duk wanda ya amince zai yi aikin gayya na awa 1,000, har da wanke banɗakunan wuraren biki da yashe magudanan ƙazanta. Mutum 22,000 suka danna sun amince, mutum ɗaya tak ya lura. Wane malami, wane ɗan siyasa ne ya taɓa samun irin wannan biyayya? A nan gida kuwa abin ya wuce gwaji. Mai neman bashin dubu goma a manhaja ya danna ya yarda, bai san ya miƙa lambobin duk mutanen da ke wayarsa ba, sai ranar da ya makara da biya surukarsa da limamin unguwarsu suka samu saƙo a kansa. Zumunci ke nan, an sada shi da dangi. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan keta sirrin masu karɓar bashi, alhali mutanen nan da yatsunsu suka danna. In ba su karanta ba, laifin wa? An rubuta komai, a shafi na sha tara, da toka-toka.

Game da Hausa kuwa, nan ka nuna cikakkiyar tarbiyya: ka girmama ta har ba ka taɓa ta. Miliyoyin da ke magana da ita daga Zazzau zuwa Damagaram ka ɗauke su manya, masu iya nemo ɗan boko ya fassara musu. In matsin lamba ya yi yawa aka ce sai an sa Hausa, sai ka miƙa wa na'ura ta juya, ba ka sa kowa ya duba ba, ka zaɓi zanen haruffan da bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, kowannensu ya fito ɗan akwati fanko, mai karatu ya cike da abin da ransa ke so. Ka bambanta da Abubakar Imam, wanda tun da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 ya ɓata jama'a da rubutun da in ɗan boko ya karanta a dandali, wanda bai taɓa shiga aji ba zai gane, har ya yi gardama. Ga inda abin ya kai mu: mutane sun saba da a yi musu bayani, sun ɗauka haƙƙinsu ne. Gidajen rediyo suka ɗora, suna faɗin labarin duniya cikin minti biyar kowa ya fahimta. Kai kaɗai ka rage kana tsare martabar rubutu, kana tuna wa mutane cewa tsakaninsu da abin da aka tanada dominsu akwai tazara, kuma tazarar nan ba ta kyauta ba ce, da albashi ake gina ta.

Ko sanarwar gaggawa ba ta sa ka rawar jiki. Ruwa na tafe, ko amai da gudawa sun ɓulla, wani zai yi azarɓaɓi ya rubuta a tafasa ruwan sha, a bar bakin kogi, ga lambar da za a kira. Kai sai ka fara da yaba wa hangen nesan Shugaba, ka ambaci taron masu ruwa da tsaki da aka yi a otal, ka jero sunayen abokan hulɗa, kowanne da tambarinsa. Natsuwa irin wannan ba a koyonta, haihuwar mutum ake da ita.

Saura ƙorafi ɗaya, ranka ya daɗe, kuma don ƙauna nake kawo shi. An ce a ofishinka akwai wani yaro sabon ɗauka, mai hidimar ƙasa, wanda in ka fitar da sanarwa yakan zauna ya karance ta, ya tsamo abin da ake nufi, ya rubuta layi biyar da Hausa da Turanci: ga wanda abin ya shafa, ga abin da zai kawo, ga wuri, ga rana, kuma ba a biyan ko kwabo. Sai ya tura a WhatsApp. An ce kafin azahar saƙon ya zaga ƙananan hukumomi uku, tsofaffi suna zuwa da takardun da suka dace tun zuwan farko, layi yana ƙarewa kafin a tashi, mai shagon intanet har ya fara maganar sayar da janaretonsa. In aka bar wannan yaro, wata rana shafin kansa zai nemi taɓawa. A gaggauta ba shi takardar tuhuma. Kai za ka rubuta ta da hannunka mai albarka, a buga, a sa hatimi, a ɗauki hotonta a karkace a tura masa, a kuma ba shi awa 24 ya gano laifin da ake zargin sa da shi.